Mai Kanta a Kakuri

A nan injin saƙa ya cinye min shekara goma sha tara
ina ɗaura zaren da ya tsinke.
Masaƙa ta mutu, ginin bai mutu ba.
An toshe tagoginsa, an lulluɓe bango da soso
kada ƙara ta fita ta razana masu doya a bakin titi.
Yanzu ni ne mai kanta. Haya nake bayarwa.

Ba keke ba, ba kujerun biki ba.
'Yar bindiga ce, baƙa, mai sanyi kamar gindin randa.
Ajiye katin shaidarka, sa hannu a littafi,
in ƙirga maka harsashi cikin faranti
yadda innata ke ƙirga ƙosai,
sai dai nan goma goma ne, babu gyara.

Sajan Yashim mai ritaya na tsaye bayan kowa.
Tun safe maganarsa ɗaya:
bakinta can, yatsanka waje.
Can ƙurya mutumin takarda na lilo a igiya,
ba ido, ba suna, ba wanda zai zo neman gawarsa.

Samarin Barnawa kan zo ran Asabar, su da turarensu,
hoto ya fi harbi yawa.
Wani ya ɓarar da goma duk a silin
ya ce iska ce. A ɗakin da ko fanka babu.
Manajan banki kuwa sai ya cire agogo tukun,
ya rufe ido ɗaya, ya ciji leɓe,
ban san wa yake gani a takardar ba, ban kuma tambaya ba.

Sai Saraya.
Alhamis, bayan aikin dare, da farin takalmin asibiti.
Ta biya cif, ta sa abin toshe kunne,
ta ɗaga hannu biyu yadda Sajan ya nuna,
ta tsaya.
Rabin awa tana tsaye.
Ta dawo min da farantin, goma na nan kwance kamar gyaɗa.
Littafina ba shi da layin abin da aka dawo da shi.
Na ce kuɗi ba ya komawa, Sista.
Ta ce na sani.

Mako na huɗu ne bakina ya fi ƙarfina.
Ta dubi hannunta kafin ta dube ni.
Ta ce, a hanyar Kachia, shekaran jiya waccan da ba ta wucewa,
irin wannan aka ɗora min a nan.
Ta taɓa bayan kunnenta.
Tun ranar wuyana bai miƙe ba,
na ɗauka dutsen niƙa ne.
Na zo in auna.
Baba Tanimu, ashe ko bakwainin da nake ɗorawa a sikeli
ya fi ta nauyi.

Sajan ya juya yana gyara abin da bai lalace ba.

Da yamma in share kwankon harsashi, suna kuka cikin bokiti
kamar canji a aljihun kwandasta.
In ƙirga baƙaƙen nan shida, in sake ƙirgawa,
in kulle, in ja kwaɗon sau biyu.
Takardun da aka huda nakan kai wa Gambo mai tsire,
yana ƙorafi wai yaji na zuba ta ƙirjin mutumin.
Na Saraya ban ba shi ba.
Huɗu ne, a naɗe, saman kabad.

A bakin gada tayar wata tirela ta fashe.
Ni da na wuni cikin aradu
sai ga ni durƙushe bayan teburin mai lemu.
Na tashi, na kakkaɓe gwiwa, na sayi na ɗari biyu
don kunya.

A gida jikata ta shinshina tafina,
ta ce Kaka, warin ashana kake.
Na ce e, ashana ce.
Na wanke har sau uku kafin in sa hannu a tuwo.